Ruwan Indararo a Makarantun Karkara: Rufi Ya Isa, Tanki Ne Bai Isa Ba

Da zarar an kawo shawarar a riƙa tara ruwan sama daga rufin makarantun firamare na ƙauye, jama'a kan rabu biyu. Wasu su ce ruwan indararo shi ke kawo mura da taifot, kada a shayar da 'ya'yansu. Wasu kuma su ce ai ruwan Allah ne, da shi ake alwala, babu abin da ya fi shi tsarki. Ana cikin wannan jayayya sai ɗan kwangila ya kafa baƙin tanki ɗaya a gindin aji, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Ka koma makarantar a watan Maris, za ka tarar da tankin wayam, yara kuma sun bar aji tun ƙarfe goma sun bazama neman ruwa.

Tsoron ruwan sama ba yau ya fara ba. Masu tunawa ba su manta da watan Maris na 2010 ba, lokacin da hazo ya lulluɓe Najeriya, saƙo ya yi ta yawo a wayoyi cewa ruwan guba zai sauko, duk wanda ya taɓa zai kamu da cutar daji ta fata. Ruwa ya zo ya wuce, ba a ga komai ba. A yankin Neja-Dalta, inda ake ƙona iskar gas dare da rana, akwai dalilin yin ɗari-ɗari da abin da ke saukowa daga sama. Amma a ƙauyen Katsina ko Jigawa, ɗigon da ya bar gajimare ya fi ruwan kududdufi da na buɗaɗɗiyar rijiya tsabta nesa ba kusa ba. Datti a kan kwano yake jiransa: ƙurar hunturu ta wata shida, kashin ƙadangare, na tantabaru da jemagu, busasshen ganye, wani lokaci har mushen ɓera a cikin indararo. Masu cewa yana sa ciwon ciki suna da gaskiya idan ruwan farko suka sha. Masu maganar tsarki kuwa sun haɗa abu biyu daban. Ruwa yana iya halatta a yi alwala da shi, amma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin ba a tara ruwan fari, sai kwano ya wanku ake kafa bokiti. Abin da masana suka ƙara shi ne guntun bututu mai toshiya a ƙasa, wanda ruwan farko na kowane zubi zai cika kafin sauran ya wuce tanki. Bayan an ɗauke ruwa a buɗe toshiyar a zubar. A sa raga a bakin shiga, a rufe tanki ruf, saboda haske na haifar da gansakuka, buɗaɗɗen baki kuma gayyatar sauro ne, har da irin wanda ke yaɗa zazzaɓin dengi da ya ɓulla a Sakkwato a 2023. Na sha kuma a ɗiga masa sinadarin kulorin ko a tafasa. Alim yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, ko da ruwan ya yi garau. Bayan kwalarar 2021, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, bai kamata a ce har yanzu ana wannan bayani ba.

Babbar matsalar tana wajen lissafi, kuma nan ne masu tsara ayyukan suke zamewa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce cif. Ɗauki ginin aji uku da barandarsa, rufinsa ya kai murabba'in mita 200. A wurin da ake samun milimita 800 a shekara, kamar kewayen Kano, lita 160,000 ke sauka a kansa. Cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya fantsama, ya yoye, ko aka zubar da gangan, saura lita 128,000, wato jarka mai lita 25 fiye da 5,000. Ko a Damagaram, inda ruwan shekara bai fi rabin haka ba, kuma dutsen da garin ke zaune a kai ya sa haƙa rijiya ya zama caca, rufin nan zai ba da jarka dubbai.

To nawa yara ke buƙata? Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta ware lita 5 a rana ga kowane ɗalibi da malami a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Makaranta mai yara 200 tana son lita 1,000 ke nan kullum. Tanki mai lita 5,000, irin wanda aka fi kafawa, ruwan kwana biyar ne. Ruwa ɗaya mai ƙarfi na watan Agusta, milimita 30, zai zubo da lita 6,000 a kan wancan rufin, ko an cire kashi ɗaya cikin biyar ya kusan cika tankin kafin gari ya waye. Kusan duk abin da ya biyo baya a makon, a ƙasa zai ƙare, yana cin gindin ginin.

Manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Gero sau ɗaya ake girbe shi, a ci shi wata goma sha biyu, shi ya sa ake auna rumbu da yawan bakin da ke gida da tsawon rani. Wanda ya noma dami ɗari ya gina rumbun dami biyar, ba gonar ce ta ci amanarsa ba. A ƙasar Hausa ruwa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma mafi yawansa a Agusta, daidai lokacin dogon hutu, makaranta a kulle. A Nijar ma sai Oktoba ake komawa aji, damina ta riga ta yi sallama. Ƙishirwar kuwa a Maris, Afrilu da Mayu take.

Wasu ƙasashen sun gane haka. A arewa maso gabashin Barazil, yanki mai fari irin namu, an fara shirin gina matattarar ruwa miliyan ɗaya a farkon shekarun 2000. Ta gida lita 16,000 take ci, ta makaranta lita 52,000, da siminti ake yin ta, rabinta a binne, kuma magina na ƙauyukan aka koya wa aikin. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, don in ta tsage ba sai an jira wani daga babban birni ba. A Tailan manyan randunan siminti masu lita 2,000 aka baza a gidaje tun shekarun 1980. Jihar Tamil Nadu ta Indiya kuma doka ta yi a 2003, ta tilasta wa masu gine-gine tara ruwan rufi.

Ko lita 52,000 ba za ta raka yara 200 daga Oktoba zuwa Mayu ba, sai an taƙaita ta ga sha da wanke hannu. Saboda haka kada wani ya fake da tanki ya ce an gama da maganar rijiyar burtsatse. Amfaninsa shi ne ya riƙe makaranta a makonnin da famfon tuƙa-tuƙa ya lalace ko rijiya ta ƙafe, ya kuma rage wa 'yan mata tafiyar ɗiban ruwa a lokacin darasi.

Sai kuma tambayar da ba a son yi ranar bikin buɗewa: wa zai hau ya share indararo a watan Mayu, wa ke riƙe makullin famfo a lokacin hutu, daga aljihun wa za a sayi kan famfo in ya karye? Kwamitin iyaye da malamai na kowace makaranta, kafin ku sa hannu ku karɓi tanki, ku tambayi lita nawa yake ci, ku raba da yawan 'ya'yanku sau biyar. In amsar ba ta kai kwana talatin ba, ku ce a sake lissafi.