Juya Jimlar Turanci Daga Aktif Zuwa Fasif Ya Wuce Musanyar Wuri

Kusan duk wanda ya zauna ajin Turanci a sakandare ya haddace wannan ƙa'ida: in za ka juya jimla daga aktif zuwa fasif, ka kawo karɓau gaba, ka mayar da aikau baya ka jingina masa "by", sannan ka sa aikatau a siga ta uku tare da "is" ko "was" ko wani daga danginsu. Matakan daidai ne, kuma malaman da suka koya mana su sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu da alheri. Malamin da ke gaban aji cunkus da ɗalibai, ga jarrabawar WAEC da NECO na tafe, dole ya nemi gajeriyar hanya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fahimtar da ta biyo bayan ƙa'idar, wato wai kowace jimla tana juyuwa, kuma wai ma'ana ba ta motsi, wuri kawai aka musanya.

Ba kowace jimla ke juyuwa ba. Aikatau ƙi-karɓau, irin su "happen" da "die" da "arrive", ba su da abin da za a kawo gaba, shi ya sa "The accident was happened" da ake yawan gani a takardun ɗalibai kuskure ne. Har ma akwai jimloli masu suna a bayan aikatau da ba su karɓar juyi. "Musa resembles his father" ba ta zama "His father is resembled by Musa", haka ma "Binta has two goats". Kama da mallaka yanayi ne, ba aiki ba ne da ya faɗa kan wani.

Batun ma'ana ya fi wannan nauyi. Dubi "Kano traders sell kola nuts". Magana ce a kan 'yan kasuwar Kano, tana gaya mana ɗaya daga cikin hajojinsu, kuma gaskiya ce. Juya ta: "Kola nuts are sold by Kano traders". Yanzu magana ta koma kan goro, kuma mai sauraro zai ɗauka cewa sayar da goro na Kanawa ne su kaɗai, abin da 'yan goron Shagamu da Kumasi ba za su amince da shi ba. Ko kuma "Every pupil in this class reads one book", inda kowane yaro zai iya riƙe nasa littafin daban. Da ka ce "One book is read by every pupil in this class", hankali ya tafi ga littafi guda da kowa ke karantawa. Ba a karya ko mataki ɗaya na ƙa'idar ba, amma labari ya sauya. Abin da ka sa a farkon jimlar Turanci shi ne kan maganarka.

Sai kuma "by" ɗin nan da ake tilasta wa yara. Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Turanci na 1985, sun nuna cewa kusan huɗu cikin biyar na jimlolin fasif ba sa ambaton aikau sam. Ke nan abin da muke koyarwa a matsayin asali shi ne mafi ƙaranci a bakin masu harshen. Yaron da aka ba "Someone stole my phone" ya rubuta "My phone was stolen by someone" ya bi ƙa'ida, amma ya zubar da dalilin juyin. Ana juya ta ne don ba a san ɓarawon ba. Shi kansa yaron in ya je gida cewa zai yi "an sace wayata", bai ƙara komai ba. Wanda ya karanta littafin nahawun Larabci na Ajurumiyya a zaure ma ya riga ya wuce babin maf'ulin da ba a ambaci fa'ilinsa ba. Ɗalibanmu suna shigowa aji da wannan sani a hannu, mu ne ba ma amfani da shi.

Amfanin fasif ya fi fitowa a cikin sakin layi. A ce kana rubutu a kan jami'ar da ke Zariya: "Ahmadu Bello University was founded in 1962. It was named after the Sardauna of Sokoto." Jimloli biyu, duka fasif, kuma idon mai karatu bai bar kan jami'ar ba. In ka mayar da su aktif, dole ka jawo gwamnatin Jihar Arewa gaba, sai zance ya koma kanta, alhali ba labarinta kake bayarwa ba.

Wannan fahimta tana da wata illa da ta bi mutane har bayan makaranta. In ma'ana ɗaya ce, to jimlar fasif, da yake ta fi tsawo, ɓata lokaci ce, sai a yi watsi da ita. Haka George Orwell ya shawarci marubuta a maƙalarsa ta 1946 a kan siyasa da harshen Turanci, cewa su guji fasif muddin aktif za ta yi, littafin salo na Strunk da White na 1959 ya fifita aktif, yau kuma manhajojin gyaran rubutu a kwamfuta suna ja wa fasif layi kamar laifi. Amma masu ƙamus ɗin Merriam-Webster na amfani da Turanci sun lura cewa fasif a cikin maƙalar Orwell ɗin kanta ya ɗan haura kashi 20 cikin 100. Ƙwararren marubuci bai iya rabuwa da shi ba saboda yana buƙatarsa.

Na yarda da masu suka a wuri ɗaya: ana fakewa da fasif. Sanarwar da ta ce "The funds were diverted" ta ɓoye wanda ya karkatar da kuɗin, kuma haƙƙin mai karatu ne ya tambaya, wa ya karkatar? Sai dai wannan ma hujja ce a gare ni. Da ma'ana ɗaya ce, da ba wanda zai sami wurin ɓuya a cikin fasif.

Roƙona ga malamai shi ne a ci gaba da koyar da matakan, amma a cakuɗa wa yara jimlolin da ba su juyuwa domin su gano su da kansu, a bar su su yar da "by" inda ba ta da aiki, kuma a riƙa ba su sakin layi sukutum a tambaye su wace jimla ce ta cancanci juyi, kuma don me.