Jamus Ta Samu Kuɗin Makamai, Saura Masu Riƙe Su

Ranar 27 ga Fabrairun 2022, kwana uku da kutsawar dakarun Rasha cikin Ukraine, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya tsaya gaban majalisar dokoki ya sanar da ware Yuro biliyan 100 don farfaɗo da rundunar sojan ƙasar, wato Bundeswehr.

Rundunar kuwa ta daɗe tana jin jiki. A zamanin yaƙin cacar baka, Jamus ta Yamma kaɗai na da soja kusan 500,000. Da katangar Berlin ta faɗi sai aka saki jiki: aka rufe barikoki, aka sayar da tankoki, a 2011 aka dakatar da aikin soja na dole. Abin har ya kai, a wani atisayen NATO a Norway a 2014, sojojin Jamus suka ɗaura sandunan tsintsiya masu baƙin fenti a kan motocin sulke, a madadin bindiga. A Disambar 2022 ma, motocin yaƙi samfurin Puma 18 aka fita da su atisaye, duka 18 ɗin suka samu matsala.

Yanzu dai an shiga kasuwa. An yi odar jiragen yaƙi F-35 guda 35 daga Amurka don su gaji tsofaffin Tornado, da jirage masu saukar ungulu Chinook 60, ga kuma garkuwar kakkaɓo makamai masu linzami ta Arrow 3 daga Isra'ila. A Maris 2025 majalisa ta gyara kundin tsarin mulki domin a iya ciwo bashin tsaro ba tare da tsohon takunkumin da ya taƙaita cin bashi ba. Ga Jamusawa, masu ƙyamar bashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wa zai tuƙa, wa zai harba? Sojojin ba su wuce 180,000 da ɗoriya ba, alhali ana neman 260,000 nan da 2035, ga birged mai mutum kusan 5,000 da ake girkewa a Lithuania. A ganina nan gizo ke saƙa. Ƙasar da ta shafe shekara 80 tana koya wa 'ya'yanta tsoron yaƙi, ba dare ɗaya za ta sa su son kaki ba. Daga Janairun 2026, dole duk saurayin da ya cika 18 ya amsa takardar tambayoyi kan ko zai shiga soja. Ranar da majalisa ta amince da dokar, ɗalibai a birane da dama ƙaurace wa aji suka yi, suka fita zanga-zanga.