Sabuwar shekara: a koma dandali

A Dakoro, arewa da Maraɗi, sabuwar shekara tana shigowa ne cikin ɗari, bayan hatsi ya shiga rumbu. A lokacin nan ne ma'aikacin gwamnati yakan ɗauki alkawarin motsa jiki, amma kafin Janairu ya ƙare ya watsar, domin ya ɗauki abin kamar aikin tilas.

Mutanen karkara kuwa da wasa suke motsa jiki. Ɗan langa yana riƙe ƙafa guda da hannu, yana tsalle da guda, yana ture abokin karawa. Ana dariya, gumi yana zuba. Kokowa ma daga dandalin ƙauye ta taso, har aka buɗe gasarta ta ƙasa a Tawa cikin 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zo na farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane mako, don rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari. Wanda ya haɗa wannan da wasa da abokai shi ne zai cika alkawarinsa. Lafiya uwar jiki.