WANKE ALLON KWAMFUTA: ABIN DA YA KAMATA KA SANI KAFIN A YI MATA FOMATIN

Ya ku ɗalibai maza da mata, da ku iyayenmu masu girma, darasinmu na wannan fitowa a kan kwamfuta ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Saboda haka iyaye da dama a nan Maska da kewaye sukan daure, in an sayar da masara ko waken soya, su sayo wa yaro 'yar ta-hannu daga Funtuwa, Zariya ko Kano don hannunsa ya saba. Ba a jimawa sai ta fara nauyi, ko ta kamu da bairos, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya. In an kai wa mai gyara, maganarsa ɗaya ce: "Sai an yi mata fomatin." To, mene ne fomatin? Me yake ɗaukewa, me kuma yake bari?

Ma'anarsa

A cikin kowace kwamfuta akwai rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had-disk. Abubuwa iri biyu ne a cikinsa. Na farko kayanka: hotuna, takardu, karatuttukan da ka ɗauka, lissafin shago. Na biyu babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar baki ɗayanta, kamar Windows na kamfanin Microsoft. In babu ita, kwamfuta ba ta iya buɗe maka komai.

Fomatin shi ne a share rumbun nan, sannan a sake zuba babbar manhaja sabuwa fil. Ka ɗauke shi kamar wanke allo. Kowa ya san ɗalibi ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, an tabbatar karatun ya zauna. Sannan ya wanke, ya shanya, a yi sabon rubutu. Tsarin ke nan a kwamfuta ma: a adana, a wanke, a rubuta. Wanda ya fara da wanki kafin adanawa, ya yi asarar karatunsa.

Sharuɗɗa kafin a taɓa komai

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ka cika waɗannan tukuna.

Na ɗaya, ka kwafe duk abin da kake so zuwa filash ko wani rumbu na waje. Kar ka tsaya kan abin da idonka ke gani a fuskar kwamfuta, ka leƙa wurin takardu, da na hotuna, da na abubuwan da aka sauke daga intanet. Ka kuma tambayi duk wanda ke amfani da ita a gida. Wataƙila Baba ya ajiye lissafin waɗanda suka karɓi taki bashi, wataƙila akwai hoton Kaka da ta rasu, babu irinsa ko'ina. In ka gama, ka kai filash ɗin wata kwamfutar ka buɗe, ka gani da idonka cewa sun kwafu.

Na biyu, takardu da hotuna da sauti kaɗai za ka kwafa. Manhajoji ka bar su, daga baya a sauko da sababbi. Sau da yawa a cikinsu bairos ke ɓuya, in ka kwashe su ka dawo da cutar da kanka.

Na uku, ka rubuta kalmomin sirrinka na imel da sauransu a takarda, domin kwamfutar da ta saba tuna maka za ta manta su duka. In kuma an kulle rumbun da makullin da ake kira BitLocker, ka nemi lambobinsa guda 48 ka adana.

Na huɗu, wuta. Ka cika batir, ka kuma tanadi sola ko janareto. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar zuba manhaja, sai an koma farko.

Yadda ake yi

Ana samun filash wanda bai gaza gigabait 8 ba, wanda babu komai a ciki, don aikin zai share shi. A wata kwamfuta mai lafiya ake shiga shafin Microsoft a sauke Windows a kansa. Yana cin data wajen gigabait 5 ko fiye. Sai a soka filash ɗin a jikin marar lafiyar, a kunna ta, a yi ta danna maɓallin da ke ba da zaɓin inda za ta tashi: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP. A zaɓi filash.

Daga nan za ta nuna sassan rumbu. A nan ne ake yin kuskure mafi tsada. Rumbu ɗaya yakan kasu ɗaki-ɗaki. Ɗakin C shi ne mazaunin Windows, ɗakin D kuwa mutane kan tara kayansu a ciki. A wannan shafin ba ta nuna haruffan nan, sai lamba da girman kowane ɗaki. Saboda haka tun kafin a fara ka duba girman C ka rubuta, don kar a share D a madadinsa. In an share wanda ya dace, sai a bar ta ta zuba manhajar. Za ta mutu ta tashi da kanta sau biyu ko uku, kar wannan ya tsorata ka.

In kwamfutar tana tashi, akwai hanya mafi sauƙi. A cikin saitin Windows 10 da 11 akwai wurin da aka rubuta "Reset this PC". Shi yana sabunta manhajar ba tare da filash ba, har yakan tambaye ka ko a bar maka takardunka. Duk da haka ka kwafe su, rigakafi ya fi magani.

Tanbihi mai muhimmanci

Ga inda kwamfuta ta saɓa da allo. Allo in an wanke, tawada ta tafi. Kwamfuta kuwa tana da wanki iri biyu.

Wankin gaggawa, wanda shi aka fi yi, fihirisa kawai yake cirewa. Ka ƙaddara littafi ne babba aka yage shafin fihirisarsa. Babobin suna nan daram, sai dai ba a san shafin kowanne ba. Haka takardunka ke zama a rumbu har ranar da wani sabon abu ya hau kansu. Akwai manhajoji, irin su Recuva da PhotoRec, da ke bin rumbu shafi-shafi su tono su.

Cikakken wanki shi ne wanda ke bin rumbun daga farko har ƙarshe yana rubuta sifiri a kan komai. Yakan ɗauki awoyi, amma bayansa manhajojin tono ba su samun komai. A wurin "Reset this PC", in ka zaɓi a cire komai, akwai zaɓin "Clean data" da ke yin wannan aikin. Sababbin rumbuna da ake kira SSD sukan share abin da aka goge da kansu, amma tsofaffin kwamfutocin da ke hannunmu da yawansu mai faifai ne a ciki.

Wannan ba zance ba ne na fatar baki. A shekarar 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffin rumbuna 158 da suka saya a kasuwa. Guda 129 suna aiki, amma 12 kacal aka yi wa wanki na gaske. A sauran sun tarar da bayanan asibiti, da wasiƙun mutane, da dubban lambobin katin banki.

Faida biyu ke nan. In kai za ka ci gaba da amfani da kwamfutarka, wankin gaggawa ya wadatar. In kuwa sayarwa za ka yi, ko kyauta, to sai cikakke, don kar hotunan iyalinka da lambobin NIN da BVN na gidanku su faɗa hannun wanda ba ka sani ba. Mai kula da kwamfutar makaranta ko ta shago ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan, domin sirrin wasu ne a hannunsa, kuma tun 2023 Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane. Haka nan in ka sayi ta-hannu ka tarar da kayan mai ita na farko, amana ce, ka share ba tare da ka tsaya kallo ba.

Faida ta biyu: in an goge maka abu bisa kuskure, ka kashe kwamfutar nan take. Kar ka zuba komai a ciki, ka kai wa wanda ya iya tonowa. Duk abin da ka ƙara yana iya hawa kan wanda kake nema.

Wace manhaja za a zuba?

Microsoft ya daina aika wa Windows 7 gyaran tsaro ranar 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana da sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Mai irin wannan tsohuwa yana iya zuba Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne kuma halal ne a kwafa. Ka guji Windows na sata da aka fasa makullinsa, sau da yawa da cuta yake zuwa. Kwamfutoci da yawa da suka zo da Windows 8 zuwa sama lasisinsu na cikin jikinsu, da an haɗa su da intanet zai dawo da kansa.

Bayan an gama, ka bar ta ta sauko da gyare-gyarenta, ka sa manhajar tsaro ta binciki filash ɗinka kafin ka maido da kaya. Kar ka manta da ƙara madannan Larabci da na Hausa a cikin saiti, don ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Mai rubuta ajami kuma ya sake sauko da salon rubutu irin su Alkalami, wanda aka tsara bisa rubutun Kano, in ba haka ba takardunsa za su buɗe da wata kama daban.

Iyayenmu, in za ku aiki yaro wurin mai gyara, ku sa ya yi mashi tambaya uku kafin ya miƙa: An kwafe kayanmu? Wane ɗaki za a share? Wankin gaggawa ne ko cikakke? Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba, zai ma zauna ya nuna mashi. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Wassalam.