Abubuwan da ya kamata ka sani game da zoben ofal

Mai sayen kayan lefe a shagunan zinariya na Jidda ko Dubai yakan ci karo da zobe mai farin dutse a tsakiya, wanda ke walƙiya da launukan bakan gizo, an kewaye shi da ƙananan lu'ulu'u, wato daimon. Dutsen nan shi ne ofal. Kyansa ba a magana, amma idan aka kawo shi gari irin Kankiya ko Kusada, daɗewarsa ta dogara ne ga yadda aka san halinsa.

Mene ne ofal?

Asalinsa silika ne, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Ruwa mai ɗauke da silika kan tsiyaya cikin tsagogin duwatsu, ya ƙafe a hankali, ya bar daskararren abu. Sai dai ruwan ba ya fita duka. Yawanci kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin ofal ruwa ne, kuma daga nan ne rauninsa ya samo asali.

Daga ina launukan suke?

Ba rini ba ne. A shekarun 1960 masana a Ostareliya suka gano cewa cikin dutsen akwai ƙwayoyin silika da ido ba ya gani, jere reras. Idan haske ya ratsa tsakaninsu sai ya rarrabu. Ƙananan ƙwayoyi kan ba da shuɗi, manya su ba da ja, wanda ya fi wuyar samu, ya kuma fi tsada.

Ire-irensa

Ostareliya ce ta daɗe tana riƙe da kasuwar. A can, an gano ofal a Coober Pedy a 1915, shi kuwa baƙin ofal mai daraja daga Lightning Ridge yake fitowa. A 2008 aka samu wani a yankin Wollo na Habasha, wanda ya fi araha, amma yana shan ruwa kamar sabuwar randa. Idan ya jiƙe sai launukansa su dushe har sai ya bushe. Akwai kuma na haɗi, inda ake manna siririn ofal a kan baƙin dutse da gam, wani lokaci a rufa masa gilashi. Wajibi ne mai saye ya tambayi wanne ake miƙo masa.

Zamansa da lu'ulu'u

A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, lu'ulu'u na da maki 10, ofal kuwa 5.5 zuwa 6.5. Farin hasken lu'ulu'u yana fito da launin ofal, ƙarfen da ke riƙe da su kuma yana kare gefensa daga bugu. Amma idan aka zuba zobba wuri ɗaya cikin adaka, lu'ulu'un wani zoben zai karce fuskar ofal.

Kula da shi a yanayinmu

A tsakiyar jihar Katsina babban abokin gabarsa shi ne hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan bushe har leɓe ya tsage, kuma ofal ɗin da ya rasa ruwansa yakan yi ƙananan tsagogi kamar saƙar gizo, waɗanda ba su da gyara. Haka ma sauyin zafi farat ɗaya, kamar a fito daga sanyin asuba a miƙa hannu bakin murhu. Ƙurar hunturu kuma tana ɗauke da burbushin yashi mai maki 7, saboda haka goge dutsen da bakin mayafi dakushe shi yake yi. Tsumma mai laushi da ɗan danshi ya isa.

Sai batun alwala, sau biyar a rana. Ruwa ba ya cutar da tsantsar ofal na Ostareliya. Na haɗi kuwa, yawan jiƙa yana sa gam ɗin ya saki, dutsen ya yi hazo. Na Wollo ya fi kowanne tsautsayi, domin ba ruwa kaɗai yake sha ba: lalle, humra, man shafawa da manja duk suna shiga cikinsa su zauna. Amaryar da aka yi wa ƙunshi gara ta ajiye shi tukuna. Daka, wanki da wanke-wanke kuma ba da shi a yatsa ake yin su ba.

Idan zoben ya matse aka kai wa maƙerin fari ya buɗa shi, a tabbata ya cire dutsen kafin ya kusanto da shi wuta.