Yadda gidan da ɗalibi ya fito ke shafar zamansa a ɗakin kwanan Jami'ar Maiduguri

A Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975 a kan hanyar Bama, ɗalibai kan kwana a ɗaki ɗaya, su biya kuɗin gado iri ɗaya, amma nauyin zaman ya sha bamban a tsakaninsu. Bambancin galibi daga gida yake tasowa.

Abu na farko shi ne ƙarfin aljihun iyaye. Kamar a sauran jami'o'in tarayya, gadaje ba sa isar ɗaliban da ake ɗauka. Ɗan masu hali idan ya rasa gurbi yakan kama haya a Mairi ko a rukunin gidaje na 202 da 303. Ɗan talaka kuwa sai ya raɓa da aboki, ya shimfiɗa katifa a ƙasa, yana zaman alfarma. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar kuɗin Keke Napep ta ƙara wa gadon cikin makaranta daraja. Naira 20,000 da asusun lamunin karatu na NELFUND ke bayarwa duk wata ƙari ce ga wani, amma ga wani ita ce abinci da sabulu.

Na biyu shi ne dangi a gari. Wanda iyayensa ke Gwange ko Bulumkutu yakan leƙa gida a ƙarshen mako, ya dawo da abinci da wankakkun kaya. Wanda ya taso daga Biu, Mubi ko Kano, idan guzuri ya ƙare ko zazzaɓi ya kama shi, abokan ɗaki ne danginsa. Sai dai ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta juya lamarin. Da aka rufe jami'ar, 'yan nesa suna da gidan komawa, alhali gidajen wasu 'yan gari na cikin ruwa.

Akwai kuma sabo. Wanda ya tashi a babban gida ko ya yi makarantar kwana ya saba da layin famfo, da girki a risho, da rashin sirri. Wanda ya saba da ɗakinsa shi kaɗai yakan sha wuya a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, musamman idan wuta ta ɗauke.

Rikicin Boko Haram ma ya bar tabonsa. Ga ɗaliban da aka raba iyayensu da Bama da Gwoza a 2014, gadon makaranta kan zama wurin da ya fi musu natsuwar karatu. Harin da aka kai masallacin jami'ar a ranar 16 ga Janairu, 2017, da ramin tsaro mai tsawon kilomita 27 da aka shiga haƙawa a wannan shekara, sun sa iyaye na nesa auna wurin kwanan 'ya'yansu da ma'aunin tsaro, musamman 'ya'ya mata.

Don haka rabon gado ya wuce batun wanda ya riga biya. Muddin ba a duba nisan gida da halin iyaye ba, ɗalibin da ya fi buƙatar gurbi shi ne zai fi saurin rasa shi.