Fiyano a Daura: Dama Tana Rera Waƙa, Hagu Tana Kiɗan Kalangu

A garinmu Daura kiɗa gado ne. Mai algaita da mai kakaki da mai tambari da ake gani a ƙofar fada ranar hawan Sallar Gani, yawancinsu a gidan ubansu suka tarar da sana'ar. Fiyano kuwa baƙuwa ce, ba ta da gidan gado. Finafinan Kano ne suka shigo mana da ita, musamman tun daga Sangaya na kamfanin Sarauniya, har ta kai yau da wuya a yi biki babu sautinta.

Ni dai na koye ta da girmana, kuma ina so in yi magana da wanda ya wuce matakin danna yatsa ɗaya amma ya maƙale. Ɗauki waƙar da kowa ya sani, kamar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda matan aure suka yi ta taka wa mazajensu rawa da ita a 2020. Kada ka taɓa fiyano tukuna. Rera ta da bakinka har ta zauna, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma karin waƙa yakan bi muryar kalma. Wanda ya murɗe sautin kalma, ko kaka ta ji sai ta ce, "A'a, ba haka take ba."

Fiyano irin ta Yamaha da aka fi gani tana da madannai 61, farare 36, baƙaƙe 25. Duba baƙaƙen, za ka gan su biyu da uku, biyu da uku. Sauti biyar ke nan, kuma waƙoƙinmu da dama a kan sauti biyar suke tafiya. Fara laluben karin a nan da hannun dama.

To, a hannun hagu ake yin ta. Shi ne makaɗin kalangunka: ba ya bin mawaƙi kalma da kalma, yana riƙe tafiya ne kawai. Koya masa shi kaɗai, sauti uku a danne tare, a hankali, kwana da kwanaki. Sannan ka haɗa su baiti guda, ka rage gudu kamar rabi. Wallahi ranar farko sai ka ga hagu tana kwaikwayon dama kamar ƙanwa da yayarta. Yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. Rabin awa kullum bayan la'asar ya fi wuni guda ranar Juma'a.

Saura magana mai nauyi. Na san samari da aka hana mata saboda an ce "makaɗi ne", don a wurin iyayenmu kiɗa da roƙo tafiyarsu ɗaya. Shawarata, kada ka ɓoye. Faɗa wa mahaifinka da bakinka kafin ya ji a bakin maƙwabta, riƙe karatunka ko sana'arka, kashe ta in an kira salla, kuma ka zaɓi waƙar da ba za ka ji kunya ba in surukinka ya ji ta ta katanga. Ke kuma 'yar'uwa, halinsa za ki duba kafin yatsunsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.